Furen Cokalin Roba: A Koya, Amma Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata 'yar sana'a da ta shigo mana gidaje ta cikin wayar hannu, watau yin furen ado da cokalin roba. Da yawa daga cikinku kun riga kun gani: a ɗauki cokalin nan da ake sakowa cikin robar shinkafar biki, a yanke mariƙinsa, a kara shi a wutar kyandir ya lanƙwashe, a haɗa goma ko sha biyar, sai ga furen wardi kamar a tsinko shi a lambu. A maƙala masa fil a soka a ɗankwali, ko a kafaɗar mayafi, ko a jikin jaka, ko a yi ƙanana a rataya a sarƙa. Ra'ayina a kan wannan abu a fili yake. Sana'a ce mai kyau, ina so ku koya, ku koya wa 'ya'yanku. Amma yadda ake nuna ta a waya, a ƙuryar ɗaki, hanci a kan kyandir, roba tana hayaƙi, wannan kam ban yarda da shi ba, kuma ba zan ɓoye muku dalili ba.

Bari mu fara da masu yatsina fuska. Akwai wadda da zarar an ce mata furen nan da cokalin biki aka yi shi, sai ta ajiye, ta kaɗe hannu, ta ce ai araha ba ta ado, ita ba za ta rataya kayan bola a wuyanta ba. To, 'yar'uwa, ina da tambaya. Awarwaron ƙarau ɗin nan da tsakiyar da ake kawowa daga Bida, waɗanda iyayenmu suka yi yayi, da me kike tsammani ake yin su? Mutanen unguwar Masaga a Bida sun daɗe suna tara fasassun kwalabe, su narka su a wuta, su mayar da su abin hannu da dutsen wuya, har baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa kallo suna saye. Mutanen Krobo a ƙasar Gana su kuma daka kwalbar suke yi ta zama gari, su zuba a 'yan ramukan yumɓu, su soka tsinken ganyen rogo a tsakiya don ya bar huda, su gasa, ta fito tsakiya mai launi, ana kai ta kasuwar duwatsun ado ta Koforidua. Ba wanda ya taɓa ce wa mai sanye da ita ta rataya bola. Mu kanmu nan gida, fitilar aci-bal-bal da gwangwanin madara ake ƙera ta, takalmin taya sunansa ya faɗi asalinsa, tukunyar da kike dafa abincin suna a ciki kuwa tarkacen alminiyam aka narka aka zuba. Ashe mayar da abin yarwa abin amfani ba baƙon abu ba ne wurinmu. Abin da ke sa a raina kaya shi ne mugun aiki. In gefen furen yana da kaifi, ga baƙin hayaƙi ya ɓata shi, ga gam yana leƙowa ta ko'ina, to lalle an ga cokali. In kuwa hannun gwana ya bi ta kansa, sai an faɗa miki za ki sani.

Abin da ya sa nake son wannan sana'a ga matar aure shi ne ƙarancin jarinta. Ba ta bukatar keken ɗinki, ba ta bukatar firiji, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Almakashi, da 'yar filaya, da kyandir, da gam, da fil, da ɗan fenti, shi ke nan kin buɗe shago a tsakar gidanki. Kaya ne kuma da ba ya lalacewa. Mai alala ko ɗanwake in ba ta sayar yau ba, gobe ta yi asara. Mai fure kuwa ta zuba a kwali ta rufe, ko bayan wata uku yana nan yadda ta bar shi.

To amma kafin ki kunna ashana, sai ki san cewa ba duk cokalin roba ne iri ɗaya ba, kuma rashin sanin haka shi ke sa wasu su gwada sau ɗaya su ce ƙarya ce. Galibin waɗanda ke kasuwa iri biyu ne. Akwai mai tauri, mai ɗan sheƙi, wanda in kin lanƙwasa shi sai ya karye ƙas. Wannan da robar da ake kira folistirin ake yin sa, in kin duba jikinsa ko ledarsa wani lokaci za ki ga lamba 6 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, ko haruffan PS. Akwai kuma mai taushi, wanda zai lanƙwashe ya yi fari a wurin lanƙwasar amma ba zai karye ba. Shi kuma folifirofilin ne, lambarsa 5, haruffansa PP. In babu lamba, ki debo ruwa a roba ki danna cokalin ciki ki saki: na 6 yakan nutse, na 5 galibi yakan taso sama. Na 6 shi ne na fure. Yana fara laushi tun zafi yana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, watau kusan zafin tafasasshen ruwa, ya bi hannu kamar danƙo, da ya huce kuma ya tsaya a yadda kika bar shi. Na 5 kuwa taurin kai gare shi. Zai yi ta jurewa har zafi ya haura digiri 160, sa'an nan ya narke gaba ɗaya ya fara ɗiga, kuma gam da fenti ba su cika kama jikinsa ba. Wannan ki bar shi a kicin a riƙa ɗibar yaji da shi.

Cokulan da aka ci abinci da su sai an wanke su tas da sabulu da ruwan ɗumi, a ɗauraye, a shanya su bushe ƙarau, don maiƙo yana hana fenti zama, in kuma ya ji wuta sai ya bar tabo. Kada a ɗauko na asibiti ko na kan juji. Na gidan biki da suna da walima sun ishe ki, ki sa yara su ajiye kwando a gefe tun kafin a share. Baƙin cokali kuwa shawarata ki ƙyale shi. A shekarar 2024 masu bincike a Amurka sun sami sinadaran hana kama wuta a jikin waɗansu baƙaƙen kayan roba na gida, abin da ke nuna an gauraya tsohuwar robar kayan lantarki wajen yin su. Ba kowane baƙin cokali ne haka ba, amma tun da ido ba zai bambance miki ba, kuma ke wuta za ki kara masa, ki tsaya ga fari da mai launi.

Yanzu ga yadda ake yi. Ki yanke mariƙin, ki bar ɗan guntu kamar faɗin yatsa a jikin kan cokalin, don nan ne wurin riƙo kuma nan ne wurin haɗi. Da yake na 6 yana da saurin tsagewa, in kika sa masa almakashi da sanyinsa sai ya fashe har cikin kan. Ki ɗan ɗumama wuyan tukuna, sa'an nan ki datse. Daga nan ki kama guntun nan da filaya, ki riƙe kan cokalin a saman harshen wutar, da tazarar kamar yatsu uku ko huɗu, kina ɗan juya shi kina kai shi kina komowa. A saman wuta na ce, ban ce a cikinta ba. Cikin ɗan lokaci za ki ga bakinsa ya fara motsi, yana naɗewa da kansa. Nan take ki janye, ki ba shi kamar ƙiftawar ido biyu, ki sa yatsa ko bayan wani cokalin ƙarfe ki tura gefen baya, ki ɗan tsuke tsakiyar leɓen, ki riƙe har ya huce. Kin sami ganyen fure guda ke nan. Na tsakiya biyu ko uku sukan fi son zafi, don naɗe su za ki yi kamar tabarma, ɗaya ya rungume ɗaya, su zama ƙudurin furen da bai gama buɗewa ba. Na zagaye na biyu a buɗe su kaɗan, na waje a buɗe su sosai har su kwanta. Kada ki damu in ba su fito iri ɗaya ba. Je ki dubi fure a jikin itacensa, ba za ki sami ganye biyu masu kama ɗaya sak ba, wannan bambancin ma shi ke ba shi rai.

Wajen haɗawa, a waya za ki ga suna narka gindin ganyen su manna shi da ɗan'uwansa. Yana kamawa kam, amma nan ne aka fi yin hayaƙi, don haka na fi son gam. In kina da bindigar gam ta lantarki to madalla, in babu, gam mai ƙarfin nan na 'yar kwalba yana kama na 6 sosai, sai dai ki kiyayi yatsunki da idonki. Ki fara da ƙudurin tsakiya, ki kewaye shi da uku, sa'an nan biyar, kowane ganye ya zauna a kan tsagar biyun da ke gabansa, kamar yadda ake jera tubali. Babban wardi na jaka ko na kan kyauta yakan ci cokali 12 zuwa 17. Amma na sakawa a jiki, ina roƙonku ku rage. Sau da yawa na ga an ɗora wa ɗankwali fure kamar faifai, nauyinsa yana jan ɗaurin gefe guda, mai shi tana ta gyarawa har aka tashi daga biki. Ku nemi ƙananan cokulan askirim da na yogot, su ne daidai ɗan kunne da zobe da abin gashin yara. Kuma wa ya ce dole sai wardi? Ga furen kuɓewa nan a bayan ɗakinki, ganye biyar, rawaya mai haske, cikinsa ja mai duhu. Ga na yakuwa. Cokali biyar da ɗigon fenti a tsakiya sun gama miki shi, ya fi sauƙi, ya fi rashin nauyi, kuma ba kowa ke da irinsa ba.

In kin gama haɗi, ki bi duk gefen da samfefa mai laushi ko abin goge farce, har sai kin shafa a bayan hannunki kin ji bai karce ki ba. Wannan shi ne aikin da ake yi wa ƙyuya, alhali kuwa shi ne ke raba mai sana'a da mai wasa, domin fure ɗaya mai kaifi ya isa ya ja zaren mayafin da aka saya da tsada, daga ranar kuwa kin rasa wannan mai saye da duk ƙawayenta. Fentin da ya fi dacewa shi ne irin na masu zane da ake tsinkawa da ruwa, a shafa siriri, a bari ya bushe, a ƙara. Da yawa suna amfani da jan farce don ƙyallinsa, amma ku sani ruwan da ke cikinsa, da wanda ake goge shi da shi, suna cin robar nan, sukan sa ta yi laushi ko ta dushe. In za ki sa, ki gwada a jikin mariƙin da kika yar tukuna. A bayan furen kuma ki yanko ɗan ƙyalle mai kauri, ki zagaye shi kamar kwabo, ki ɗinka fil ɗin a jikinsa da zare, sa'an nan ki manna ƙyallen a gindin furen. Fil ɗin da aka manna da gam kawai ba ya kai biki biyu. In na ratayawa ne, allura mai zafi za ta huda miki shi ba tare da ya tsage ba.

To, mu zo kan maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, watau hayaƙi. Harshen kyandir ɗin nan da kike gani ɗan mitsitsi, zafinsa yana kai wa wajen digiri 1,000. Cokalinki kuwa digiri 100 da 'yan kai kawai yake bukata. Kin ga ke nan iskar da ke tasowa daga wutar ta ishe shi, duk abin da ya wuce haka ƙona shi kike yi. In robar nan ta ƙone, takan fitar da baƙin hayaƙi mai tartsatsin toka da wani irin wari mai zaƙi-zaƙi, a cikinsa kuwa akwai sinadarin da ake kira sitirin, wanda da shi aka gina ta tun farko. Shaƙarsa yana sa yajin ido da maƙogwaro, da ciwon kai, da jiri. A shekarar 2018 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa sitirin a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar daji ga ɗan Adam. Ba ina cewa wadda ta yi fure ɗaya ranar Asabar ta ɗebo wa kanta ciwo ba, a'a, an fi jin tsoro ga masu shaƙarsa kullum a wurin aiki. Amma ai mu sana'a muke magana. Wadda aka ba ta aikin fure hamsin na ƙawayen amarya, ta zauna dare uku a ɗaki, ƙofa a rufe saboda sauro, taga a rufe saboda ƙura, ga goyo a baya, ga na yaye yana barci a gefe, ita da ma'aikacin kamfanin roba wa ya fi wani kariya? Shi ma ai ana sa masa na'urar zuƙe iska.

Saboda haka dokata guda ce, kuma ba ta da sassauci: ba a wannan aiki a cikin ɗaki. A fito tsakar gida ko baranda, a zauna yadda iska za ta ɗauke tururin ta yi gaba da shi, ta bayanki take busowa ba ta gabanki ba. In kin ga baƙi a jikin cokali, ko kin ji wari, kin matsa da yawa, ki ɗaga hannu. In iska tana kashe miki kyandir, ki sa garwashi kaɗan a kasko, wanda ya riga ya ruru ya daina hayaƙi. Zafinsa ya ma fi na kyandir daidaituwa, ba ya kuma baƙanta farin cokali. Amma shi ma a waje, don garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuwa kashe mutum yana barci. Fitilar kananzir kada ma a fara, baƙinta ya yi yawa. Mai ciki, da mai asma, da mai goyon da ba ta da wanda zai riƙe mata, su ɗauki ɓangaren fenti da ɗinkin fil, su bar wa wata wutar. Takunkumin ƙyalle da muka saba da shi tun 2020 yana tare ƙura, amma ba ya tare irin wannan tururi, kada ki sa shi ki ce kin tsira.

Sai kuma gobara. Yawancin mayafai da hijaban da muke sawa yanzu su ma dangin roba ne, in wuta ta lasa sai su narke su manne a fata. Kafin ki zauna ki cire su, ki sa rigar atamfa mai ɗan matse hannu, ki ɗaure kanki sosai. Ki kafa kyandir a cikin faranti na ƙarfe, nesa da tabarmar roba da katifa, ki ajiye kwanon ruwa a damanki. Kada ki kawo gam ko jan farce kusa da wuta, sai kin kashe ta za ki buɗe su. In tsautsayi ya sa narkakkiyar roba ta ɗiga miki, ki sa wurin a ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, ki yi ta zuba masa har kamar minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja. In robar ta manne kada ki ɓamɓare ta da ƙarfi, in kuma ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne, sai asibiti. Guntayen da kika yanke kuma ki tattare su tun kafin ki tashi, don mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa. Saboda wannan dalilin dai, kada a sa wa yarinyar da ba ta kai shekara 3 ba irin wannan ado, ganye ɗaya in ya ɓalle ya isa ya shaƙe ta.

Ku 'yan makaranta, na san ku ne kuka fi ɗoki, ku ne kuma kuka fi saurin hannu. Ga naku. Kun san furen bado da ke fitowa a kan tafki da damina? Ganyensa fari ne, mai ɗan zurfi, mai tsini kaɗan, watau kamar kan cokali sak. Wannan ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Ki yanko kwali mai ƙwari ko murfin roba ki zagaye shi, ki jera kawunan cokali takwas a bakinsa, cikinsu yana kallon sama, ki ɗora shida a ciki, ki ɗora huɗu a tsakiya a ɗan tsaye, ki cika cibiyar da 'yan duwatsu rawaya ko zaren ulu da kika tsattsaga. In yankan yana ba ki wuya, ki tsoma wuyan cokalin a ruwan zafi ya ɗan saki. Ki fara da wannan har hannunki ya faɗa, aikin wuta kuwa sai Mama ko Yaya tana zaune. Abu na biyu, wannan aikin Asabar ne da hutu. Ban yarda a kai shi aji ana yi a ƙarƙashin tebur ba, ban kuma yarda uwa ta ga 'yar riba ta ɗora wa yarinya kwali a ka ta tura ta talla ranar makaranta ba. Lissafin da za ta yi kuɗin furen da shi ma ai a ajin ake koyar da shi.

Tun da an zo kan lissafi, bari in faɗi inda mata muke faɗuwa. Mukan ƙirga kuɗin gam da fenti da fil, mu ɗora ɗan abin da ba a rasa ba, mu ce mun ci riba. Lokacinmu kuwa ba ma sa masa kuɗi, sai ka ce a bakin hanya muka tsince shi. Haka masu ɗinkin hula suka daɗe suna yi, mace ta yi makonni tana tsiyayar da idonta a kan hula guda, wanda ya karɓa ya kai kasuwa ya fi ta samu. Ki sa agogo a gabanki ki ga minti nawa fure ɗaya ke ci, tun daga wanki har ɗinkin fil. Ki tambayi kanki, da wannan lokacin kitso na yi, ko ƙulli na yi, nawa zan samu? Abin da ya fito ki haɗa shi da kuɗin kaya, shi ne ƙasan farashinki. Ki kuma sa asarar koyo a ciki, don a farko cikin cokali goma sai uku ko huɗu sun lalace.

Za ki ce, to ai 'yan koli suna da furannin kamfani daga Sin, masu arha, wa zai sayi nawa da tsada? Gaskiyarki, in kika ce za ki yi gasar arha da inji, ke za ki sha ƙasa. Amma akwai abin da ɗan koli ba zai iya ba. Ba zai iya karɓar ƙyallen ankon biki ya haɗa fenti ya fitar da fure ashirin masu launin atamfar sak, cikin kwana huɗu ba. Ba zai yi wa amarya nata dabam, da ɗan kunnensa da na jakarsa, wanda ba wadda za ta shigo da irinsa ba. Nan kasuwarki take: anko, da kamu, da suna, da bikin sauka, da ranar yaye ɗalibai, da kayan Sallar yara. Ki ƙulla da tela ɗaya ko biyu da mai ɗaurin ɗankwali a unguwarku, ki bar musu samfuri. In an ba ki aiki mai yawa ki karɓi rabin kuɗi tukuna, ko da kuwa 'yar ɗakinku ce, don furen da aka yi da launin ankon wata in ta fasa ba mai saye. Kada kuma ki ɓoye cewa da cokali kika yi. Ki faɗa da bakinki, ki kuma gaya wa mai saye kada ta bar shi cikin mota a rana ko kusa da dutsen guga, kada kuma ta fesa masa turare, don yakan dusar da fentin.

Akwai wata magana da ake yawan haɗawa da wannan sana'a, wai ita ce maganin sharar roba da ta toshe mana kwatoci. Wannan kam an zuzuta. A ce an yi biki an raba abinci roba 500, kin tattara cokulan duka ba wanda ya ɓace, kin yi manyan wardi masu cin 15 kowanne. Fure 33 ke nan. Ina robobin abincin 500 da murafansu? Ina ledojin ruwa? Ina ma mariƙan cokulan 500 da kika yanke? Shi kansa furen, ran da aka gaji da shi juji za shi. Abin da za ki iya cewa da gaskiya shi ne kin jinkirta wa waɗansu cokula zuwa kwata, kin kuma sami na cefane a kai, wannan kuwa ba abin rainawa ba ne. Amma wadda ta je kasuwa ta sayo sabbin cokula leda guda don ta yi fure, sana'a ta yi, kada ta ce ta yi wa gari shara. Maganin shara yana wurin uwar biki da za ta ce a kawo faranti da cokalin ƙarfe a wanke, kamar yadda ake yi kafin robar nan ta zo.

Ku kuma sani cokalin nan ba lalle ne ya daɗe tare da mu ba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sayar da shi tun Yulin 2021, Indiya ta hana a Yulin 2022, Ingila ta bi sahu a Oktoban 2023. A nan gida ma Jihar Legas, bayan ta hana robar abinci ta soso a Janairun 2024, ta fara aiwatar da hani a kan cokulan roba da tsinken shan lemo da makamantansu daga 1 ga Yulin 2025. Saboda haka kada ki tsaya a kan cokali kaɗai. Hannun da ya iya murɗa shi zai iya yanka ganyen fure daga gorar ruwan roba, mai lamba 1, wadda almakashi ke yanka ta kamar takarda kuma gefenta ke naɗewa da ɗan ɗumi kaɗan. Zai iya yi da ragowar yadin satin da tela ke sharewa. Mariƙan da kika yanke kuwa, masu faɗin ki ɗumama su ki baje, ki yanka su da tsini ki shafa kore, su zama ganyen da za ki sa a ƙarƙashin furen. Sauran ki ɗura su a gora ki rufe ki ba masu kwashe shara, kada ki zuba su a murhu don hura wuta.